Ƙofa ta Uku

Ranar Talata da hantsi hotunan suka faɗo gurup ɗin unguwa na waya, kafin rana ta yi tsaka babu gidan da bai gani ba. Guda uku ne, duka na Inna, tsohuwar gidan kusurwa wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara huɗu ke nan. A biyu tana kwance, zani ya zame mata. A na uku ana goge mata jiki, ga hannun mai gogewar ya fito har kafaɗa. Wanda ya turo ya goge bayan minti goma, wai bisa kuskure ne, amma kafin nan mutum arba'in sun adana.

Unguwa ba ta ɓata lokaci wajen yanke hukunci ba. Mutum ɗaya ce ke wuni a ɗakin Inna, wato mai jinyarta, wadda kowa ke kira Nas ko da yake ba ta taɓa aikin asibiti ba. Hannun da ke cikin hoton ma nata ne. Sai aka ce ta jingina wayarta a wani wuri ta ɗauka, ta sayar wa 'yan iska. Babu wanda ya tambayi wane ɗan iska ne ke sayen hoton tsohuwa.

Ni sana'ata haɗa intanet a gidaje da shaguna. Sunan Mai Bin Sawu kuwa ya manne mini tun ranar da na bi wata kwamfuta da aka ce ɓarayi sun ɗauke, na bi ta, na bi ta, har ƙarƙashin gadon ɗan mai ita. Ba na son sunan, amma yana kawo aiki.

Malama, 'yar Inna ta tsakiya, ita ta kira ni ranar Laraba. Na same ta a falo, idanu sun kumbura.

“Yaya Babba ya ce ranar Juma'a za a sallame ta, a rufe maganar,” in ji ta. “Ni kuma zuciyata ta ƙi. Matar nan ita ke kwashe kashin uwata shekara huɗu. In aka sallame ta da wannan sunan, wane gida ne zai sake barin ta ta taɓa marar lafiya? Yara uku take riƙewa da wannan aikin.”

“In kuma na bi sawu ya kai ni kanta fa?”

“To sai in yi kukana in haƙura. Amma a duba tukuna, don Allah.”

Wannan “a duba tukuna” ita ta saye ni. Na fi shekara goma ina shiga gidajen mutane, kuma kaɗan ne ke faɗin ta.

*

Nas na bayan gida tana shanya zannuwan gado. Gajera ce, kakkaura, hannuwanta sun yi fari saboda sabulu. Ban gama gaisuwa ba ta ciro wayarta ta miƙo mini.

“Ga ta. Ki buɗe duk inda kike so. Lambar ita ce shekarar da aka haifi babban ɗana.”

Tsohuwar waya ce, gilashin kamararta ya tsage gida biyu, duk abin da ta ɗauka sai ya fito da layi a tsakiya. Hotunan Inna ba su da layi. Wannan bai wanke ta ba, don mutum na iya aro, amma na ajiye shi a raina.

“Wa ke shiga ɗakin bayan ke?”

“Malama da yamma in ta taso daga makaranta. Auta da safe kafin ya tafi aiki, shi ke taya ni ɗaga ta. Yaya Babba ranar Lahadi, ya zauna rabin awa ya tafi.” Ta matse wani zani har jijiyoyin hannunta suka tashi. “Jiya na je sayen sabulu, Mai Shago ya ajiye mini canji a kan tebur, ya ƙi sa mini a hannu. 'Yata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce uwarta mai sayar da tsiraicin tsofaffi ce.”

“Inna ta sani?”

“Ba a gaya mata ba. Amma ba ta da baki ne kawai, ba hankali ta rasa ba. Tun jiya take riƙe mini gefen riga.”

*

Na je wajen Mai Shago, wanda ke jikin katangar gidan, don Malama ta ce Auta ya taɓa ba shi lambar sirrin intanet ɗinsu. Shi ne kuma ya turo hotunan. Da ya gan ni da jakar aiki sai ya hau rantsuwa tun ban tambaye shi komai ba.

“Wallahi, Injiniya, ni ma turo mini aka yi! Wani direba ne da ke sayen kati a nan, ya ce ya gani a wani shafi da ake tara hotunan cikin gidajen mutane na ƙasashe daban-daban. Ya ce, wannan ba tagar gidan maƙwabtanka ba ce? Ni kuma na ce bari in tura wa Malama, hannuna ya zame.”

“Hannunka ya zame har sau uku?”

Ya sosa ƙeya. Na karɓi wayarsa na duba. Gaskiya ya faɗa game da direban, kuma lambar sirrin da yake da ita tsohuwa ce, an canza ta tun bara. Gulma ce laifinsa, kuma da ana kama mutane saboda ita da titin nan ya zama kango. Amma maganar shafin ta tsaya mini. Masu irin wannan shafi ba sa zuwa wajen mai jinya ciniki. Zagaya suke yi, suna taɓa ƙofofin intanet na duniya ɗaya bayan ɗaya, wadda ta buɗu su leƙa.

Ina fitowa motar Yaya Babba ta tsaya. Ɗan kwangila ne, ba a gidan yake zaune ba, mutum mai jiki da murya irin ta wanda ya saba a ce masa to. Bai fito ba, gilashi kawai ya sauke.

“Ke ce Malama ta ɗauko? Ni ban ga amfanin jan magana ba. Ki duba wayar yarinyar, ki ba mu sakamako. Kada ki dami Inna da shige da fice, ba ta son baƙin fuska.”

“Ka duba hotunan da kyau, Yallaɓai?”

“Uwata ce,” ya ce, ya ɗaga gilashi.

Na ba shi gaskiya a lokacin. Har kunyar tambayar na ji.

*

Auta na jira na a ɗakinsa da yamma. Sunan ne kawai na yara, mutum ne mai shekara talatin da takwas da furfura a gemu, yana aiki a shagon magani. Dangi sun fara raɗa a kansa shi ma, don kullum yana ɗaki da na'urori, kuma a wajen wasu mutane duk wanda ya iya latsa abu to zai iya kowace tsiya. Akwai talabijin babba a bango, na'urar wasa a ƙasanta, akwatin intanet na gidan kuma a kan kabad, yana ƙifta korayen idanu.

“Na san abin da ake cewa,” ya ce. “Ƙaton banza mai wasan yara.”

“Da wa kake wasan?”

“Da ɗana. Shekararsa goma sha ɗaya, yana wani gari wajen uwarsa tun da muka rabu. In na kira shi a waya, daga ‘lafiya lau’ sai ‘to’. Amma in muna buga ƙwallo a na'urar nan ranar Asabar da rana, ni a nan shi a can, sai bakinsa ya buɗe. Yana ci na ƙwallo yana ba ni labarin makaranta. Da haka na san an taɓa dukansa a aji.”

“Yana tafiya daidai, wasan?”

“Yanzu dai. Da can yana ta yankewa, muryarsa ba ta zuwa, na'urar tana ta cewa hanyata a matse take. Sai na ga wani a bidiyo ya ce akwai abin da ake kunnawa a akwatin, dannawa ɗaya. Na kunna, komai ya warware.”

“Yaushe?”

“Wata biyu ke nan. Ranar da ɗana ya cika shekara goma sha ɗaya.”

Na ce ya ba ni lambar shiga akwatin. Ya ba ni ba gardama, har da kawo mini kujera.

Ga wanda bai sani ba, akwatin nan ba intanet kawai yake rabawa ba, shi ne mai gadin gida. Na cikin gida zai iya aika saƙo waje ya karɓi amsa, amma baƙon da ba a kira ba in ya ƙwanƙwasa ba a buɗe masa. Wasu wasanni kuwa suna so abokin wasa ya shigo kai tsaye, saboda haka sai an buɗe musu ƙofa. Ana iya buɗewa da hannu, ƙofa ɗaya, ga na'ura ɗaya, amma da ɗan wahala. Abin da Auta ya kunna, wanda ake kira UPnP, yana ce wa mai gadin ne: duk na'urar cikin gida da ta nemi ƙofa, buɗe mata, kada ka tambaye ta suna, kada ka zo ka gaya mini. Na'urar wasa za ta nema. Matsalar ita ce ba ita kaɗai ta iya nema ba.

Na buɗe jerin ƙofofin da aka buɗe. Uku ne. Biyu na na'urar wasa. Ta ukun ta wata na'ura ce da ba ta da suna, sai lambobi.

“Wannan ta waye?”

Auta ya leƙo. Muka ƙirga wayoyin gidan, talabijin, kwamfutar Malama. Kowa ya samu nasa, ita kaɗai ta rage ba mai ita. Kuma akwatin ya nuna tana kan layi a wannan lokacin da muke magana.

*

A gida na jera hotunan uku a kwamfutata. Ban so kallon su ba, kuma na roƙi gafarar Inna a zuciyata. Na rufe tsakiyar da takarda, na kalli gefuna, don sawu ba a tsakiyar hanya yake zama ba, a gefe yake.

A kwanaki uku daban-daban aka ɗauke su. Zanin gado shuɗi, mai furanni, sannan fari. Amma a kusurwar sama ta hagu akwai bakin sandar labule, kuma a duka ukun ya yanke a wuri ɗaya. Ƙafar gado ma haka. Na ɗora hotunan a kan juna, suka zauna daram, ko faɗin gashi babu bambanci. Babu hannun da ke jingina waya sau uku a rana uku ta zauna haka. Abin da ya ɗauki hotunan nan a kafe yake, kuma daga sama yake kallo, daga wajen ƙofa.

Ranar Alhamis da safe na ce wa Malama zan shiga ɗakin Inna, ko da wa ya hana. Ɗaki ne mai tsabta, yana ƙanshin man shafawa. Na durƙusa na gaishe ta.

“Inna, ina kwananku? Ya ƙarfin jiki?”

Ta bi ni da ido ɗaya mai kaifi, hannunta mai lafiya na riƙe da gefen rigar Nas. Na tsaya a bakin gado na juya na kalli inda hoton ya ce in kalla. Sama da ƙofa babu komai sai ƙwan fitila. Yana da ɗan girma, gindinsa baƙi. Rana ta fito sosai amma makunninsa na kunne, an kuma manne shi da salatif har ninki uku.

“Me ya sa aka liƙe wannan?”

“Yaya Babba ne,” in ji Nas. “Shi ya kawo ƙwan wata bakwai da suka wuce, ya hau kujera ya sa da kansa. Ya ce na zamani ne, da kansa yake haske in duhu ya yi, amma in aka kashe makunnin yana lalacewa. Na taɓa mantawa na kashe, ko awa ba a yi ba ya kira ni yana faɗa.”

“Daga ina ya kira?”

“Daga ofis.” Ta faɗa, sannan ta ji abin da ta faɗa. Na ga fuskarta ta canza.

Na ɓare salatif ɗin na kashe makunnin, na duba wayata da ke haɗe da akwatin. Na'urar da ba ta da suna ta ɓace daga layi.

*

Malama ta tara su da la'asar a falo: Yaya Babba, Auta, Nas a tsaye a bakin ƙofa don ta ƙi zama, da Mai Shago, wanda ni na ce a kira, saboda bakin da ya yaɗa magana shi ya kamata ya kwashe ta. Na ajiye ƙwan fitilar a kan tebur, na juya gindinsa su ga ɗan idon gilashin.

“Kamara ce,” na ce. “Wata bakwai tana ɗakin Inna. Wata biyar na farko mai ita kaɗai ke kallo a wayarsa. Sai Auta ya kunna abin nan saboda wasa. Na'urar wasa ta nemi ƙofa aka ba ta, kamarar ma ta nema aka ba ta, babu wanda ya sani. Lambar sirrinta kuwa ita ce ta masana'anta, wadda duk irinta ke fitowa da ita, ba a taɓa canzawa ba. Daga ranar duk wanda ya taɓa ƙofar nan, ko daga ina yake, ɗakin Inna yake gani.”

Auta ya dafe kai. “Ni na buɗe? Innalillahi. Ni na buɗe wa duniya ɗakin uwata don in buga ƙwallo?”

“Kai ka ba mai gadi umarni ba tare da ka san me ke cikin gidan ba. Kuskure ne, kuma mutane da yawa suna cikinsa yanzu haka ba su sani ba. Na kashe shi. Zan buɗe maka ƙofa ɗaya da hannu, ta na'urarka kaɗai, ranar Asabar ka yi wasanka da ɗanka.”

“Wanda ya ɗauki hoton fa?” in ji Malama. “Ina yake?”

“A nan sawun ya ƙare mini, Malama. Zai iya zama a kowace ƙasa, kuma watakila ba shi kaɗai ba ne. Zan rubuta wa masu shafin, za ku iya kai ƙara, amma ba zan yi miki alkawarin da ba zan cika ba.”

Ban ambaci sunan mai kamarar ba. Ba sai na ambata ba, kowa shi yake kallo.

“Uwata ce,” in ji Yaya Babba, amma muryar ba irin ta cikin mota ba ce. “Kullum ana jin labarin masu jinya suna dukan tsofaffi. Ba ta iya magana. In an cuce ta wa zai gaya mini? Laifi ne in sa ido?”

Ni dai ban ga laifin tsoronsa ba, kuma na faɗa masa haka. Da ya gaya wa 'yan'uwansa, da Auta ya san akwai kamara kafin ya danna komai. Da ya gaya wa Nas, da ta san inda za ta sa labule. Ina shirin ci gaba da wa'azina, don in na fara ba na gajiya, sai Nas ta yi magana.

“Yaya, wata bakwai kana kallona?”

“Ba ke nake…”

“A ɗakin nan nake canza kaya in ta ɓata mini jiki. A nan na yi kukan rasuwar ƙanwata, don kada yarana su gani. Ba komai, ya wuce. Abu ɗaya nake so ka faɗa a gaban mutanen nan. Me ka gani?”

Ya kalli ƙwan fitilar.

“Na ga kina juya ta duk bayan awa biyu, ko ba kowa a gidan. Na ga ta tofa miki abinci a fuska kin goge kin ci gaba da ba ta. Na ga kina yi mata kitso kina ba ta labari. Ban taɓa ganin abin da ba daidai ba. Ko sau ɗaya.”

Mai Shago ya sunkuyar da kai. Malama ta fara hawaye, na ɗauka an gama, har na kai hannu ga jakata. Ashe Nas ta fi ni iya bin sawu, akwai taku ɗaya da ban kai ba.

“To ranar Talata da hoton ya fito,” ta ce a hankali, “kai da ka saba kallon ɗakin daga wannan wurin kullum, ka gane daga ina aka ɗauka?”



“Na gane,” ya ce.

“Tun ranar Talata,” in ji Nas.

“Na ji kunya ne. Na ce in aka sallame ki shiru, da ɗan abin da za ki riƙe, magana za ta mutu, in zo in cire shi ba wanda ya sani. Ki yafe mini. Zan bi gida-gida in faɗa da bakina. Ki zauna, don Allah, duk abin da kike so a ƙara miki za a ƙara.”

“Gida-gidan dai ka bi,” in ji ta. “Ka fara da makarantar 'yata.”

Ta shiga ciki. Muna jin muryarta ƙasa-ƙasa a ɗakin Inna, ta daɗe, ban san me ta gaya mata ba kuma ban tambaya ba. Da ta fito jakarta na rataye a kafaɗa, idanunta jajur. Ta ciro mukullin gidan ta ajiye a gaban Malama.

“Malama, ki yafe ni, ke ba ki yi mini komai ba. Zan riƙa zuwa gaishe ta. Amma ba zan iya kwana da tashi a ƙarƙashin mutumin da ya san gaskiyata fiye da kowa ya yi shiru ba.”

Daga ɗaki Inna ta fara buga gefen gado da hannunta mai lafiya, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Duk muka juya muka kalli Nas, har ni, kuma har yau ina jin kunyar wannan kallon. Ta duba agogon hannunta.

“Lokacin juya ta ne,” ta ce wa Yaya Babba. “Tashi. Ka fara da kafaɗa, ka sa matashi tsakanin gwiwoyi. Wata bakwai kana kallo, ai ka iya.”

Ta fita. Yaya Babba ya miƙe a hankali, ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur, ya naɗe hannun riga, ya nufi ɗakin uwarsa.